Kujera 250 da Saba Ɗaya: Tarihin Kwamfutar Aro a Yola da Jimeta

Tun kafin kwalta ta iso, tun kafin a share filin jirgin sama, kogin Binuwai ne ke tsara wa 'yan kasuwar Jimeta shekararsu. Jiragen ruwan kamfanonin Turawa ba sa iya hawowa daga Lakwaja sai damina ta yi nisa kogi ya cika, kuma da zarar ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba, to sai baɗi. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙaron da aka yi watanni ana tarawa, dole a loda su cikin 'yan makonnin nan. Gishiri da yadi da kananzir da za a sayar har wata daminar, su ma a lokacin ake sauke su. Saboda haka mai gina sito a bakin kogi ba ya auna shi da cinikin watan Maris. Da makon da jirgi ya tsaya yake aunawa, ko da sauran shekara rabin siton zai zauna wayam.

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ta zauna da fadarta da malamanta. Jimeta kuwa ta girma da tashar jirgi da kantuna, musamman bayan Turawan Ingila sun ci garin a 1901, daga baya ta karɓi ofisoshin gwamnati da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976. Jiragen sun daina zuwa tuntuni. Amma irin wancan lissafi ya dawo garin ta wata ƙofa, wato zauren jarrabawar JAMB, inda kwamfuta 250 ke kwana a rufe kusan duk shekara, sannan a wayi gari ana so dukansu su tashi a minti ɗaya, su yi awa biyu ba tare da ko ɗaya ta yi tari ba.

A wasu zaurukan irin wannan a faɗin Nijeriya, abin da ke gaban ɗalibi ba cikakkiyar kwamfuta ba ce. Allo ne da kibod da linzami, sai wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba a maƙale a bayan allon. Akwatin ba ya lissafi, ba ya ajiya. Aikinsa ya kai abin da ɗalibi ya latsa zuwa saba, babbar na'urar da ke wani ɗaki a gefe, ya dawo da hoton amsa. Ɗalibi yana ganin kamar kwamfutarsa ce shi kaɗai, alhali aron wani yanki na sabar aka ba shi, da ya tashi a miƙa wa wani.

Dabarar ta girme wa yawancin masu amfani da ita. A 1961 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa babbar na'ura ɗaya za ta iya raba lokacinta tsakanin mutane da yawa, cikin saurin da kowa zai zaci da shi kaɗai take aiki. A 1972 kamfanin IBM ya fito da tsarin VM/370, mai yanka na'ura ɗaya ta zama kamar na'urori masu yawa. Kwamfutar tebur ta shekarun 1980 ta ture wannan tsari gefe, kowa ya samu tasa, sai dai ofisoshi ba su daɗe ba suka gane wahalar kula da ɗaruruwan na'urori, kowace da cutarta. Citrix ya fito da WinFrame a 1995, Microsoft ya biyo da nasa a 1998, shekarar da aka kafa VMware, kamfanin da ya yaɗa tsarin bai wa kowane ma'aikaci cikakkiyar kwamfutar aro a cikin saba tun daga wajen 2006.

Duk wannan a ƙasashen da waya ke da sauri aka yi shi. A Jimeta ta farkon shekarun 2000, intanet ta faranti take saukowa. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, shagunan kafe suka biyo baya, ana sayen awa a ba mutum lambar shiga a guntun takarda, masu ƙaramin ƙarfi su jira na dare mai araha. Tauraron ɗan adam da farantin ke kallo yana sama da ƙasa da kusan kilomita 36,000. Kafin saƙo ya hau, ya sauka, amsa ta hau ta sauko, an ci fiye da rabin daƙiƙa. Mai buɗe wasiƙa zai iya haƙuri da wannan. Wanda kowane harafi da ya latsa sai ya yi wannan tafiya kafin ya bayyana a allo kuwa, ba zai gama layi ɗaya ba sai ya ture kibod. Masu sana'ar sun daɗe da sanin cewa in jinkiri ya wuce kamar kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa, hannu yakan fara ji. Ko da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka iso Legas wajen 2010, tsakanin bakin tekun da bakin Binuwai akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma duk inda ake gyaran hanya a tsakani, wata katafila na iya tsinke wayar.

Mutanen gari sun ɗanɗani rayuwa da saba mai nisa ta hanyar banki. Bayan garambawul ɗin da gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya yi a 2005, wanda ya mayar da bankuna 89 zuwa 25, rassa suka koma dogaro da manyan na'urorin hedikwata, yawanci a Legas. Ma'aikaci na zaune, kuɗi na cikin akwati, layi ya kai ƙofa, amsa ɗaya ce: babu netwok. Darasin ya ƙara fitowa fili a watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa da Borno da Yobe, aka rufe layukan salula na tsawon makonni. Duk mai son tsarin da ba zai tsaya ba a Yola, dole sabarsa ta kwana a gini ɗaya da masu amfani da ita.

Manyan makarantun garin kowace da hanyar da ta bi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1981, wadda aka haɗe da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake cin gashin kanta a 1988, yau kuma take amsa sunan Jami'ar Modibbo Adama a Girei, ta yi irin rayuwar jami'o'in gwamnati: ɗakunan kwamfuta na tarayya, ɗalibai masu yawa, na'urori kaɗan. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Atiku Abubakar ya kafa, ta fara karɓar ɗalibai a 2005 da akasin haka. Ɗalibi da laftof ɗinsa, harabar makaranta da intanet marar waya, ɗakin karatu da ya jingina ga littattafan lantarki har Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta yaba masa da lambar girmamawa a 2013. Wannan hanya tana aiki, amma sai mai kuɗi. Makarantar da ke da ɗalibai dubbai da ɗaki ɗaya ba za ta bi ta ba.

Ga irin waɗannan makarantu ne kamfanoni kamar NComputing suka yi tallar ɗan akwatin nan. A 2007 ƙasar Masedoniya ta ƙulla cinikin kujeru 180,000 don makarantunta, a 2008 jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta sa shi a makarantu 5,000. Hujjar mai sauƙi ce. Kwamfutar tebur da allonta kan ja wat 100 ko fiye, ɗan akwatin kuwa bai cika wuce wat 5 ba, in an haɗa da allo a ce 25. Ba shi da fanka da za ta zuƙi ƙurar hunturu, ba shi da faifan da zai lalace, ɓarawo ma in ya ɗauka ba abin da zai tsinana masa a gida. A garin da janareta ce ke riƙe da rabin aiki, wannan magana tana shiga kunne.

Kasuwar ta buɗe sosai ne da JAMB ta sauya salo. Hukumar, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013 zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, tana barin ɗalibi ya zaɓa tsakanin takarda da na'ura. A 2015 aka ajiye fensir gaba ɗaya. Nan take aka shiga neman zauruka a kowace jiha, manyan makarantu suka gyara ɗakunansu, 'yan kasuwa suka kama gine-gine. Ka'idar da ta zauna daga baya ita ce kwamfuta 250 masu aiki da 25 na ko-ta-kwana, duka a haɗe da kebul ba ta iska ba, da kyamarorin tsaro, da janareta da batura. Tambayoyi na sauka a sabar zauren gab da farawa, a raba su ta kebul, in an gama a tura amsoshi hedikwata. Mai zauren da ya lissafa kuɗin kwamfuta 275 ya kwatanta da na ƙananan akwatuna 275 da 'yan sabobi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A nan ne aikin aunawa ya shigo, kuma a nan ne ake gane injiniya da mai sayar da kaya. Tambayar farko ita ce wane irin aro za a bayar. In kowane mutum za a yanka masa cikakkiyar kwamfuta mai nata Windows, a ce da gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki, kujera 250 na neman gigabait 500, ban da abin da sabar ke ci don kanta. In kuwa Windows ɗaya za a raba, kowa ya samu kusurwarsa, buƙatar na raguwa ƙwarai, saba ɗaya ta ɗauki mutum gommai. Na biyun ya fi araha, amma manhaja ɗaya in ta haukace tana iya jan kowa ƙasa. Furosesa ma haka ake raba ta: ga aiki marar nauyi, akan ɗora mutum biyar zuwa takwas a kan kowace ƙwaya, bisa zaton ba za su nemi ƙarfinta a lokaci guda ba. A ofis zaton nan gaskiya ne, wani na waya, wani ya fita salla, wani na hira. A zauren jarrabawa ƙarya ne, domin murya ɗaya ce ke cewa a fara.

Sai ma'ajiya, inda aka fi yin asara. Mai saye yakan tambayi girman faifai, terabait nawa, alhali abin da ke kashe kwamfutar aro shi ne yawan karatu da rubutun da faifan zai iya yi a daƙiƙa ɗaya. Faifai mai juyawa na gama-gari, mai zagaye 7,200 a minti, yana yin kamar 80. Mafi tsada, mai zagaye 15,000, ya yi kamar 180. A ɗauka kowane mai amfani na neman 10 a daƙiƙa yana cikin aiki: mutum 250 sun nemi 2,500. Abin bai tsaya nan ba. Yawancin wannan aiki rubutu ne, kuma a tsarin RAID 5, wanda ake so saboda yana kare bayanai in faifai ɗaya ya mutu, kowane rubutu ɗaya na jawo aiki huɗu. In kashi 80 cikin 100 rubutu ne, 2,500 ɗin nan ta koma 8,500, wato faifan gama-gari fiye da 100 don zaure ɗaya. Wannan kuma lokacin da ƙura ta lafa ke nan. A mintunan da ake kunna na'urori duka tare, kowace na neman ninkin wannan sau da yawa, shi ya sa masu sana'ar ke kiran lokacin guguwa. Allo ya tsaya cak, da'ira na juyawa, ɗalibi ya ɗaga hannu, na kusa da shi ma ya ɗaga.

Magani biyu aka samu. Na farko ba ya cin ko kwabo: a kunna na'urori layi-layi tun da asuba, kafin a fara tantance yatsun ɗalibai a ƙofa. Na biyu shi ne faifan SSD, marar juyawa, wanda guda ɗaya ke yin dubun-dubatar karatu da rubutu a daƙiƙa. Da farashinsa ya sauko cikin shekarun 2010, matsalar da ta sa kamfanonin Turai sayen akwatunan faifai na miliyoyi ta koma abin da ake warwarewa da na'ura mai girman katin banki biyu.

Akwai kuma tambayar da masu zaure ba sa son ji: in saba ɗaya ta mutu fa? Zauren da ya raba kujera 250 ga sabobi biyar, kowace 50, ranar da ɗaya ta faɗi mutum 50 ne allonsu zai yi duhu lokaci guda. Ka'idar sana'a ita ce a sayi ta shida ta zauna jira, ko a bar wa kowace sarari ta iya ɗaukar marayun 'yar'uwarta. Na'ura ce mai tsada da za ta yi shekara ba ta yi aikin komai ba, don haka ita ce farkon abin da ake sokewa in kuɗi ya gaza.

Littattafan kamfanoni sukan tsaya a nan, domin an rubuta su ne don ɗakunan da wuta ba ta ɗaukewa. A Yola rabin lissafin bai ma fara ba. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gini ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. A Maris da Afrilu, zafin kwarin Binuwai kan haura 40, kuma daidai wannan lokaci jarrabawar ta fi faɗowa. Duk wat ɗin da na'ura ta ja, zafi yake komawa. Saba in ta ji zafi ba ta faɗuwa nan take, rage gudu take yi don ta ceci kanta, sai a ga zauren da ya yi lafiya da ƙarfe bakwai na safe ya fara jan ƙafa a zaman azahar. Ƙurar da hunturu ya bari a matatar iska tun Janairu na ƙara wa abin tsanani. Injiniyan da ya san garin yakan auna na'urar sanyaya ɗakin saba da batirinta kafin ya auna sabar.

Wutar kanta labari ce. Kamfanin rarraba lantarki na Yola an sayar da shi a 2013, masu sayen suka mayar wa gwamnati a 2015 saboda rikicin yankin, sai bayan shekaru aka samu sabon mai saye. Wutar kuma ta dogon layi take zuwa, ta Jos da Gombe. A Afrilun 2024, ana tsakiyar jarrabawar JAMB, ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Yola da Jalingo da maƙwabtansu suka shiga duhu na makonni, lokacin da litar dizal ta riga ta haura naira 1,000.

Tunda lissafin takarda ba ya isa, sai gwaji. A Turai an yi manhajoji irin Login VSI na ƙasar Holan, masu ƙirƙirar ma'aikatan ƙarya da ke buɗe takardu suna rubutu, ana ƙara yawansu ɗaya bayan ɗaya har sabar ta fara nishi. Adadin da aka kai kafin nishin shi ne ƙarfinta na gaskiya, kuma sau da yawa bai kai abin da ke jikin takardar talla ba. JAMB ta isa ga wannan fahimta ta hanyarta. A 2017, shekara ɗaya bayan Farfesa Is-haq Oloyede ya karɓi hukumar, aka fara jarrabawar gwaji. Iyaye na kallonta a matsayin horon yara, amma rabin amfaninta gwada zaurukan ne da mutane na gaske. Daga baya aka ƙara da Autobot, manhajar da ke sa kowace na'ura ta amsa tambayoyi da kanta kamar akwai ɗalibi a kujera. Gwajin da ya cika gwaji shi ne wanda aka yi da dukan kujeru, na tsawon lokacin jarrabawa, da rana tsaka, a kan janareta, kuma wani ya zare wa saba ɗaya wuta da gangan a ga abin da zai faru. Kunna na'ura goma da sanyin safiya don mai duba zaure ya sa hannu, wannan ganin ido ne.

A 2022 hukumar ta yanke hukuncin da ya juya wa kwamfutar aro baya: sababbin zauruka sai da laftof, ba za a ƙara amincewa da ƙananan akwatunan da ke jingine kacokan ga saba ba. Masu son tsarin za su ce an hukunta dabara saboda laifin waɗanda suka auna ta da rowa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma hujjar ɗaya ɓangaren ta fi nauyi a gari irin Yola. Laftof na ɗauke da batirinsa, ba ya jin ɗaukewar wuta kafin janareta ta kama, kuma in ya mutu mutum ɗaya ne zai koma wata kujera. Hukumar da ke kula da zauruka ɗaruruwa ba za ta iya bin kowane ɗakin saba ta ƙirga ko an sayi ta shida ba.

Sai dai laftof bai kawar da saba daga jarrabawa ba, domin tambayoyi da amsoshi har yanzu ta cikinta suke bi. A ranar 14 ga Mayun 2025 Oloyede ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an samu kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a zauruka 157 na Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Ba wuta aka ɗauke ba, ba faifai ne ya cika ba. Wani gyaran manhaja ne bai hau daidai kan wasu sabobin ba, aka sake wa yaran jarrabawa. Adamawa ba ta cikin waɗanda abin ya shafa, amma duk mai kula da zaure a Jimeta ya fahimci saƙon: na'urar da aka gwada jiya, in an taɓa ta yau, ba a gwada ta ba.

Yanzu ana tallar sabon salo, inda sabar ma ba sai an saya ba. Amazon na hayar kwamfutar aro tun 2014, Microsoft ya fito da Windows 365 a 2021, Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 da taurarin da ke kusa da ƙasa, jinkirinsu bai kai ko kusa da na tsohon faranti ba. Amma manyan rumbunan Amazon da Microsoft a Afirka suna Johannesburg da Cape Town, hayar kuma da dala ake lissafa ta, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Masu zaure a Yola sun fi karkata ga abin da ido ke gani: faranten sola a rufi da batura a ɗaki.

Nauyin da za su ɗauka ma yana shirin sauyawa. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a farkon 2024, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da niyyar mayar da WAEC da NECO kan na'ura gaba ɗaya. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, ɗalibi na zaɓen harafi ɗaya cikin huɗu, kwana kaɗan a watse. Ta kammala sakandare makonni take ɗauka, darasi takwas ko tara ga kowane ɗalibi, wasu da dogon rubutu da zane, a Mayu da Yuni lokacin da hadari ke kayar da turakun wuta. Adamawa na da ƙananan hukumomi 21, daga Madagali zuwa Toungo, kuma zaurukan da aka auna don awa biyun JAMB sun fi taruwa ne a Yola da Jimeta da Mubi.